Kawu Yahuza da Dariyar da Ke Ƙarƙashin Ganga

Daga Allah muka zo, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Laraba, 13 ga Agusta, 2025, cikin watan Safar, da hantsi, Allah ya karɓi ran kawuna Malam Yahuza Isah, tsohon malamin gona, a gidansa da ke Limawa cikin garin Dutse, bayan 'yar jinyar da ba ta ɗauki lokaci ba. An yi jana'izarsa bayan sallar azahar. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, masu haƙa ba su sha wuya ba, har wani tsohon abokin aikinsa ya ce ko a tafiyar ƙarshe Malam Yahuza bai yarda ya wahalar da kowa ba. Ya bar matarsa Inna Maimuna, da 'ya'ya biyar, da jikoki, da kuma ni Safina, 'yar ƙanwarsa, wadda bai taɓa bari ta ji a jikinta cewa ba shi ya haife ta ba.

Kawu, tun ranar nan gidanka bai rabu da mutane ba. Manoma sun zo daga ƙasar Ringim da ta Kafin Hausa, wasu a kan babur, wasu sun cika ƙaramar bas, kowa da labarin da yake riƙe da shi. Wani ya ce kai ka hana shi sayar da gonarsa shekarar da tsutsa ta cinye masa tumatir, ka yi ta zarya wurinsa har ya sake shuka. Wani ya ce ba ka taɓa tsayawa a bakin gona kana nuni da yatsa ba, sai dai ka naɗe ƙafar wando ka shiga. Waɗannan sun fi ni sanin malamin gona, na bar musu. Ni wanda na sani shi ne mutumin ɗan ɗakin nan na kusa da zaure, mai lasifika biyu na katako da kwalayen kaset jere har kusa da rufi, ɗakin da Inna Maimuna ta haƙura da sharewa tun tuni, saboda ba ka yarda tsintsiya ta tayar da ƙura a cikinsa.

A ɗakin nan na fara jin mahaifiyata.

Mahaifiyata Adama ta rasu ina goye. Ban san fuskarta ba sai a wani hoto guda da ruwa ya taɓa. Ban san tafiyarta ba, ban san yadda take kiran sunan mutum ba. Na tashi a hannun kakata a Gidan Lado, wani ɗan ƙauye a ƙasar Ringim, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce mini mai haƙuri ce, Allah ya jiƙanta. Haka ake faɗa a kan kowace mamaciya, don haka ban ƙaru da komai ba. Da na gama firamare ka je ka ɗauko ni zuwa Dutse don in ci gaba da karatu. Wata Asabar bayan la'asar, ban daɗe da zuwa ba, ka kira ni cikin ɗakin, ka nuna mini tabarma, ka ɗauko wani kaset da ka naɗe a cikin hankici.

Kaset ɗin na Ɗan'inna ne, mai gangar noma, mawaƙin manoman yankinmu a zamaninsa. Ka ba ni labarin yadda aka yi shi. A 1983, bayan an gama girbi, wani mai sayar da kaset ya zo daga Kano da wata ƙatuwar rikoda da batirin mota, ya kafa makirfo guda a tsakar gidan kakanmu, domin nan ne ya fi fili. Aka kira 'yan matan gari su yi tafi da amshi. Adama tana cikinsu, tana 'yar shekara goma sha huɗu. Kai kuwa, saurayi ɗan makarantar koyon aikin gona da ya zo hutu, aka ce ai kai ka karanci dabbobi, aka ɗora maka aikin hana su kuka. Ka kori kaji, ka kai tumaki maƙwabta, amma wani bunsuru ya ƙi fita, sai da ka rungume shi a bayan rumbu ka riƙe masa baki har aka gama. Kullum ka zo nan a labarin sai ka ce wannan ne babban aikin da ka yi wa harkar waƙa a ƙasar Hausa, kuma ba wanda ya rubuta sunanka a bayan kaset.

Ka juya kaset ɗin gefe na biyu, ka ce in rufe baki in buɗe kunne. A waƙa ta uku, Ɗan'inna ya ba da baiti, 'yan mata suka amsa gaba ɗaya. Sai wata murya ta makara, kowa ya gama ita ba ta gama ba, ta ƙarasa kalmar ƙarshe ita kaɗai. Sai wata 'yar dariya da ake ƙoƙarin dannewa, da ƙarar awarwaro lokacin da hannu ya tashi zai rufe baki, ganga kuma ta sauka a kai. Ka ɗaga yatsa ka ce, "Ga mahaifiyarki nan." Ka danna ka tsayar, ka mayar baya, muka sake ji.

Duka abin bai fi tsawon numfashi biyu ba. Amma a ranar na san abin da mutanen Gidan Lado ba su faɗa mini ba: mahaifiyata mai makara ce a amshi, mai saurin dariya ce, kuma in ta ji kunya da hannu take rufe baki. Ni ma haka nake yi, ban taɓa sanin inda na samo ba.

Daga nan Asabar bayan la'asar ta zama tamu. Na gama sakandare, na yi makarantar jinya, na yi aure, na haihu, amma in dai ina gari zan zo. Tsarin bai taɓa canzawa ba. Mu gaisa, ka tambayi mutanen gida, ka yi mini ƙorafin matasan yanzu da ba su san tazarar shuka ba, sannan ka kunna. In wurin ya zo ka ɗaga yatsa, ka tsayar, ka mayar baya. Ban taɓa jin abin da ke bayan dariyar ba, ban kuma taɓa nema ba, domin abin da na zo ji ya riga ya wuce.

Sai kaset ya fara tsufa. Ya tsinke sau biyu, ka liƙe shi da jan farcen Inna Maimuna. Duk lokacin da aka kunna sai ka ga wani gari ruwan ƙasa ya maƙale a kan rikoda, ka ce mini zaren ne yake zubar da jikinsa, kuma a jikin nan muryar take. Ka rage kunnawa, daga kowace Asabar ya koma sai da salla. Sauran Asabar ɗin sai mu ji wasu tsofaffin waƙoƙi, ni kuwa idona yana kan hankicin nan.

Fa'izu, babban ɗanka, yana jami'a a Kafin Hausa a lokacin. Shi ya zo da dabarar a kwashe sautin a zuba a kwamfuta, kaset ya huta. Ya haɗa waya daga rikoda zuwa kwamfutarsa, ya kwashe, ya tafi da shi makaranta ya yi masa aiki da zuciya ɗaya. Ya wanke shuuu ɗin nan da ke bin tsohon kaset, ya matse shi ya zama MP3 ɗan ƙarami yadda zai shiga wayar kowa a dangi, ya goge babban kwafin da ya fara kwashewa saboda yana cika masa wuri. Ya dawo yana murna, mu ma muna murna. Muka zauna. Sauti fes, ganga ta fito raɗau kamar jiya aka buga ta. Wurin ya zo, ka fara ɗaga yatsa, sai yatsan ya tsaya a hanya. Muryar da ta makara tana nan kamar inuwa, amma dariyar babu. A gurbinta wani ɗan motsi ne kamar an kaɗa ruwa a kwano. Awarwaron ma babu.

Aka mayar baya, aka sake, aka ƙara murya. Babu. Ranar nan na yi wa mahaifiyata kukan da ban yi mata ba ina goye.

Ba ka yi wa Fa'izu faɗa ba, ko da ido. Ka jawo shi kusa ka ce ya yi maka bayanin abin da na'urar take yi, dalla-dalla, kamar yana koya wa ɗan aji ɗaya. Ya ce don ta rage girman waƙa, sai ta zubar da sautukan da take ganin kunne ba zai lura da su ba, musamman ƙaramin sautin da ya faɗo tare da babba. Wankin da ya yi kuma ya tafi da duk abin da ya yi kama da shuuu. Ka gyaɗa kai, ka ce, "Wato ta ji ganga ta fi Adama ƙarfi, sai ta ajiye ganga ta zubar da Adama. To wa ya tambaye ta?"

Da farko ka ɗauka za a sami wani kwafin a waje. Ka bi kasuwanni, ka je Ringim, ka bi rumfunan masu tura waƙa a memori. Waƙar Ɗan'inna tana nan a wurin wasu, amma duk matsattsiya ce, wasu ma an matse an sake matsewa har ganga ta koma kamar ana dukan kwali. Tsofaffin masu sayar da kaset sun koma sayar da caja da murfin waya, kwalayensu sun daɗe a bola. Ya tabbata a duk inda muka sani babu sauran wurin da dariyar nan take sai a zaren da ke cikin hankicinka, shi kuma ba wanda zai rantse zai jure wani zagayen.

Watanni ka ɗauka kana shiri, har na fara jin haushin sanyin jikinka. Ka sa Fa'izu ya yi ta bincike yana karanta maka. Ka canza robar da ke juya rikoda. Ka sa na kawo maka auduga da sifirit daga wurin aiki ka goge kanta tas. Ka kwance kaset ɗin, ka ɗauke zaren ka mayar da shi cikin wani sabon gidan kaset mai kusoshi, ka juya shi a hankali da biro daga farko har ƙarshe don ya saki jiki. Ba ka yarda da wutar gari ba, ka ce za ta iya ɗaukewa a tsakiya, sai ka aro batirin mota kamar yadda aka yi ranar farko. Ranar da za a yi, da safe, Inna Maimuna ta kora awakinta waje. Fa'izu ya ce mata ai ta waya sautin zai bi, ko ganga aka buga a ɗakin ba zai shiga ba. Ka ce ya ƙyale ta, a wannan gidan ba a naɗar Ɗan'inna akuya tana kusa.

Aka kashe lasifika don kada wani abu ya girgiza, muka zauna tsit muna kallon ƙafafun kaset suna juyawa. Da zaren ya zo wurin liƙin farko ya ɗan yi kamar zai tsaya. Leɓenka na motsi, na san addu'a kake. Ya wuce. Ya wuce na biyun ma. Wannan karon ba a wanke komai ba, ba a rage komai ba, an kwashe shi da shuuu ɗinsa da komai, aka adana shi a FLAC, tsarin da Fa'izu ya tabbatar maka ba ya zubar da ko ƙwayar sauti. Aka kunna lasifika, aka nemo waƙa ta uku. Yatsanka ya tashi har sama. Ta yi dariyarta, awarwaro ya amsa, ka tsayar. Fa'izu ya fita waje da sauri wai zai duba awaki. Kaset ɗin kuwa, da aka zo mayar da shi baya ya tsinke a wani sabon wuri, ka naɗe shi a hankicinsa, ba a sake kunna shi ba.

Tun daga ranar ka zama mai wa'azin sauti, kuma Kawu, gaskiya ka gajiyar da mutane. Duk wanda ya kuskura ya kunna tsohuwar waƙa a waya a zaurenka ya jawo wa kansa darasi. Maigidana Abdulrauf har kashe wayarsa yake tun daga bakin layi. Ka raɗa wa MP3 suna kauɗa, wato busasshen tumatir. Kana cewa kauɗa ba abar rainawa ba ce: ba ta da nauyi, ba ta cin wuri, tana fitar da uwargida kunya ranar da babu ɗanye. Amma duk ruwan da za a jiƙa ta da shi ba za ta koma tumatir ba. Shi kuwa FLAC, riga ce aka ninke aka sa a akwati. Ta rage cin wuri, amma ranar da aka warware ta ga wuyanta ga hannuwanta, ko zare ɗaya bai ɓata ba.

Kana da adalci a wa'azin naka, wannan zan shaida. Ka yarda cewa sabuwar waƙa, wadda aka yi a ɗaki mai tsit kowace murya da makirfonta, in an matse ta da kyau kai kanka ba lallai ka gane ba. Tsohon faifai da tsohon kaset ne ba ka yarda a taɓa ba. Ka ce waɗannan makirfo ɗaya aka kafa musu, ya kwashi mai waƙa da 'yan amshi da iska da faɗin tsakar gida gaba ɗaya, sannan shekaru suka ci rabonsu. Abin da ya saura kaɗan ne, kuma a cakuɗe yake da shuuu ɗin kaset, na'urar matsewa ba ta san inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba. Shi ya sa amon ganga yake gajarcewa, tafi ya koma kamar ana watsa ruwa, mutanen da ke baya su ɓace. Kana jan kunnen kowa cewa kwafa daga wuri zuwa wuri ba ta rage komai, sake matsewa ce take ci, kuma abin da ta ci ya tafi ke nan. Har kana cewa wata rana za a ƙero na'urar da ta fi ta yau hankali, wadda za ta iya tsince shuuu ta bar mutane, amma sai ta tarar da cikakken sauti za ta sami abin aiki.

Labari ya bazu a Limawa cewa Malam Yahuza yana ceto kaset, sai mutane suka fara sallama da ƙulli a hannu. Ba ka taɓa karɓar komai a hannun kowa ba. Na tuna Malam Zainulabidin, mai makarantar allo a bayan layinku, da ya kawo karatun Alƙur'ani na marigayi mahaifinsa. Sai da ka yi alwala kafin ka taɓa kaset ɗin. Da aka gama aka kunna masa, ya zauna ya sunkuyar da kai yana bi a zuci, bai motsa ba, har wurin da tsohon ya tsaya tsakanin aya da aya ya ja numfashi ya yi gyaran murya. A nan malamin ya ja rawani ya rufe fuska. Ya ce karatun yana da shi a ka, gyaran muryar nan ce ya yi shekaru yana nema. Na tuna wata tsohuwa da ta kawo saƙon da mijinta ya naɗo mata daga Makka tun tana amarya, tana ta ba ka haƙuri wai ba wata magana ce mai muhimmanci a ciki ba, gaisuwa ce kawai da lissafin dangi. Ka yi masa aiki kamar yadda ka yi wa namu. Kowa kakan ba shi biyu: kauɗa ta sawa a waya, da cikakke na ajiya. Ka ce a raba cikakken gida biyu ko uku, kamar yadda kake sa manoma su yi da iri. Namu ma haka ka yi, ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin Fa'izu, ɗaya a wurina. Nawa yana cikin akwatina, ban taɓa buɗe shi ba. Ba ni da lasifikar da za ta fito da shi, kuma maganar gaskiya ban so in ji shi ba tare da kai ba.

'Yan shekarun nan na fara lura kana juyo da kunne ɗaya in ana magana, kana sa a maimaita. Waya za ta yi ta ƙara a aljihunka sai wani ya taɓa ka. Na matsa maka muka je wurin likitan kunne. Ya ce tsufa ne, kuma siraran sautuka ne suke fara tafiya: kukan tsuntsu, ƙarar cokali a kofi, dariyar yara. A keken da ya dawo da mu na san abu ɗaya muke tunani. Sai da muka kusa gida ka ce, "Ashe kunne ma yana yin kauɗa." Ka yi dariya, ni na kasa.

Amma Asabar ba ta fasa ba, yatsanka kuma bai taɓa kuskuren wurin ba. Abin da na lura da shi kawai, da can idonka yana kan lasifika, yanzu ya dawo kaina. Kai ka faɗa da bakinka, Asabar ta ƙarshe kafin ciwo ya kwantar da kai. Ka tsayar, ba ka mayar baya ba, ka ce, "Safina, na daɗe da daina jin ta. Ganga kawai nake ji. Fuskarki nake duba, in na ga gefen bakinki ya motsa na san ta yi dariyar." Ka ƙara da cewa, "Shi ya sa ban yarda a rage komai ba. Dama ba don kunnena na ajiye ba."

Na ce, "To Kawu, daga yau ni zan riƙa ɗaga yatsan."

Ka ce, "A'a, bar mini aikina."

Bayan an watse daga zaman makoki, Fa'izu ya zo gidana da lasifikan nan biyu da 'yar kwamfutar da kake kunna mana waƙar a bayan keke, ya ce kai ka bar wasiyya a kawo mini. Ya haɗa komai ya tafi. Kwanaki ina wuce su kamar baƙin da ban san me zan ce musu ba. Tsorona ɗaya: kada in kunna in kasa gane wurin, ya zama duk shekarun nan yatsanka nake ji ba ita ba. Asabar da ta wuce, bayan la'asar, yara sun tafi islamiyya, na shimfiɗa tabarma na kunna.

Ɗan'inna ya ba da baiti, 'yan mata suka amsa, ta makara, ta yi dariyarta. Na ji ta sarai. Na ga yatsana a sama ban san lokacin da na ɗaga shi ba. Na jira a tsayar, na manta babu mai tsayarwa. Kafin in kai hannu, waƙa ta ci gaba. Ganga ta sauka, ta sake sauka, sai can ƙasa-ƙasa, daga nesa da makirfo, a cikin shuuu ɗin nan da ka hana a wanke, na ji kukan bunsurun da aka toshe wa baki, sannan muryar wani saurayi cikin raɗa, shi ma dariya na cin sa: "Adama, ki bari mana, za ki sa a kore mu."

Kawu, kai ne. Ko a cikin mutum dubu zan gane yadda kake jan "mana" ɗin nan. Ashe kai take kallo ta makara, kai da bunsurunka a bayan rumbu. Na mayar baya na sake ji, na sake, har aka kira magariba. Na ɗauko wayata na nemi wurin a cikin matsattsen da ke yawo a dangi, babu kai babu alamarka, an zubar da kai tare da ita.

Washegari na je na gaishe da Inna Maimuna a ɗakin takabarta, na faɗa mata. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ta taɓa tambayarka me ya sa kullum a nan kake tsayarwa, ka ce mata wurin na mu biyu ne, ni da mahaifiyata, ba ka son ka tsoma baki.

Ka tsoma, Kawu, kuma na gode wa Allah da ka tsoma. Ina kewarka. Ina kewar tabarmar nan, da ƙorafin tazarar shuka, da darasin kauɗa da na haddace har nake ƙarasa maka. Da za ka dawo ka sake yi mini shi daga farko, da na zauna na ji ban katse ka ba. Shekaru ka yi kana tsare mini numfashi biyu na mahaifiyata, ban san ka bar mini na uku ba. Yanzu in na kunna sau biyu nake ɗaga yatsa.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Yahuza ɗan Isah, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa gumin da ya zubar a gonakin mutane, da zumuncin da ya riƙe, da marainiyar da ya ɗauka ya mayar 'ya, su tsaya masa ranar da babu mai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Maimuna, Allah ya ba ki haƙuri ya cika miki ladan zaman da kika yi da shi. Ga Fa'izu da ƙannensa, Allah ya haɗa kanku ya ba ku ikon riƙe abin da ya bari. Ga danginmu na Gidan Lado, da maƙwabtansa na Limawa, da manoman da suka yi tattaki, Allah ya saka da alheri ya mayar da kowa gida lafiya. Mu kuma da muka saura, Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Allah ya jiƙan mahaifiyata Adama. Allah ya sada ka da ƙanwarka a Aljanna, Kawu, inda kunne ba ya tsufa, ka ji dariyarta da kanka ba sai ka dubi fuskar kowa ba. Amin.

Safina Abdulrauf
Dutse